Allurar Cike Tamojin Fuska: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Duk wanda ya san unguwar Birni a Damagaram, inda fadar Sarki take cikin tsohuwar ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimu a ƙarni na 19, ya san cewa matan wannan wuri ba baƙi ba ne a harkar kwalliya. Lalle da kwalli da dilka da turaren wuta da man kaɗe, duk gado ne daga kaka da kakanni. To amma yau wayar hannu ta shigo da wani sabon salo har cikin ɗaka: hotunan matan da aka yi wa allura a fuska, tamoji ya ɓace, kumatu suka ciko, leɓe ya yi kauri. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa masu karatu bayanin abin, tun kafin wani ya fara yawo da shi a jaka gida-gida.

Da farko dai, mene ne ke kawo tamoji? Yayin da shekaru ke ja, fata tana rage sinadarin kolajin da ke riƙe ta, kitsen kumatu ya ragu, shi kansa ƙashin fuska ya ɗan zaizaye. Zafin rana da shan taba suna gaggauta lamarin, busasshiyar iskar hunturu kuma ta ƙara fito da shi fili. Allurar ba ta hana tsufa. Aikinta kawai ta cike gurbin da ya lotsa.

Neman wannan gyara ba yau aka fara ba. A 1899 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Robert Gersuny, ya soma ɗura man Vaseline a ƙarƙashin fata. Wasu suka bi sahu da kakin farafin, daga baya fuskokin mutane da dama suka yi ƙulli suka lalace, aka yi watsi da hanyar. A 1981 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Zyderm, kolajin da ake samu daga fatar shanu. A 2003 ta amince da Restylane daga ƙasar Suwidin, sai Juvederm a 2006.

Waɗannan biyun na ƙarshe da sinadarin hayaluronik ake yin su, wanda dama akwai shi a fata da gaɓoɓi da idon ɗan Adam, kuma aikinsa riƙe ruwa. Karl Meyer da John Palmer ne suka gano shi a 1934 cikin idon saniya. Jiki yana narkar da shi sannu a hankali, don haka gyaran yakan kai wata 6 zuwa 18 ne, sai a sake biyan kuɗi. Kada a haɗa shi da Botox: shi Botox jijiyar naman fuska yake kwantarwa na 'yan watanni, ba ya cike komai.

Ina haɗarin yake? Kumburi da taruwar jini na 'yan kwanaki abu ne da aka saba gani. Babbar musiba ita ce allura ta faɗa cikin hanyar jini ta toshe ta. Idan haka ta faru fatar wurin tana iya mutuwa, kuma da yake hanyoyin jinin hanci da na tsakanin gira suna haɗe da na ido, mutum na iya makancewa nan take, wani ma ya samu shanyewar ɓarin jiki. FDA ta yi gargaɗi kan wannan a 2015. A 2017 ta ja kunne kan allurar ruwan silikon, a 2021 kuma kan wata na'ura mai kamar alƙalami da ake tallatawa cewa tana tura sinadarin ba tare da tsinke ba. A 2021 ɗin ne Ingila ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 irin wannan allura don kwalliya.

Idan har ƙasashen da ke da tsauraran dokoki suna wannan taka-tsantsan, ina ga mu nan, inda ake kasa magani a faranti cikin rana a bakin kasuwa, daga Damagaram har Maraɗi da Kano? Mun ga yadda man bilicin ya ɓata fatar 'yan uwanmu mata da dama. Shi wannan shafawa ake yi a waje. Abin da aka tura cikin nama kuwa, musamman silikon ko wani mai da ba a san asalinsa ba, ba ya fita sai da wuƙar likita, wani lokaci ma ba ya fita duka. Ga kuma tsoron cutar hanta da ƙanjamau idan aka yi amfani da tsinke ɗaya ga mutum biyu.

Shawararmu ga wadda ta nace sai ta yi: ta tabbata ƙwararren likita ne zai yi mata a asibiti, ba a shagon kitso ko ɗakin gyaran amarya ba. Ta ga kwalin maganin a rufe, da sunansa da ranar ƙarewarsa. Ta tambaya ko akwai hayaluronides a ajiye, wato maganin da ke narkar da sinadarin idan an samu matsala. Mai ciki da mai shayarwa da mai ƙuraje a wurin su haƙura, wadda tabo ke yi wa tudu kuma ta sanar da likita tun farko. Idan bayan allura aka ji zafi mai tsanani, ko fata ta koɗe ko ta yi duhu, ko gani ya dushe, a garzaya Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ko mafi kusa, ba tare da jiran wayewar gari ba. Batun hukuncinsa a addini kuwa, Birni ba ta rasa malaman da za a tambaya.

Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Tamojin da ke fuskar iyayenmu bai rage musu daraja a idon kowa ba, amma idon da ya tafi ba ya dawowa. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma ba mu tsufa mai albarka.