Iskar Gas Daga Kashin Dabbobi: Riba Na Cikin Abin Da Aka Zuba A Tanki

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da hauhawar farashin gas ɗin girki, masu gidajen kaji da masu kiwo a Sabon Tasha da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna sun sami dalilin waiwayar wata tsohuwar fasaha, wato samar da iskar gas daga kashin dabbobi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kanta. Sai dai mai zuba jari yakan ƙare lissafinsa a kan siminti da bututu, alhali abin da ke raya tanki ko kashe shi shi ne abincin da ake ba shi.

Tankin tamkar tumbin saniya yake. Wasu ƙwayoyin halitta na farfasa kayan da aka zuba su mai da su tsami, wasu kuma su mai da tsamin iskar mesen, wadda ita ce kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na gas ɗin. Rukuni na biyun ba ya jure wahala. Yana bukatar kabon da naitirojin a ma'aunin kashi 20 zuwa 30 na kabon ga kashi 1 na naitirojin. Kashin shanu yana kusa da wannan ma'auni, kuma kilo 25 nasa kan ba da kimanin mita kubik 1 na gas. Kashin kaji naitirojin ya yi masa yawa, sai ya haifar da amoniya mai kashe ƙwayoyin. Karan masara da ƙaiƙayin shinkafa kuwa kabon ne ya yi musu yawa. Mai gidan kajin da ya cika tanki da kashin kaji zalla, don shi ke gare shi kyauta, ya sayi matsala da kuɗinsa.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne ma'adinan da ake bukata ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya: ƙarfe, nikel, kobalt, seleniyam da molibdinam. Matakin ƙarshe na haɗa mesen ya dogara ne ga wani sinadari da nikel ke tsakiyarsa, kobalt kuma shi ne ginshiƙin dangin bitamin B12 da ƙwayoyin ke aiki da su. Idan suka yi ƙaranci, tsami ya taru, wutar murhu ta raunana, daga bisani tankin ya tsaya cik. A lokacin sai a kwashe shi a sake daga farko, makonni su wuce babu gas.

An ga haka a ƙasashen da suka fi ƙarfin jari. A Ingila, tankunan da ake ciyarwa da ragowar abinci kaɗai sun riƙa lalacewa, har binciken Jami'ar Southampton da aka buga a 2012 ya nuna cewa ƙarin seleniyam da kobalt na daidaita su. A Jamus, inda dubban tankuna ke cin masara, sayar da haɗin waɗannan ma'adinai ya zama sana'a mai zaman kanta.

Kudancin Kaduna ba ta cika bukatar sayen wannan haɗi daga waje ba. Dabba ta riga ta tattaro ma'adinan daga ciyawa da abincinta, ta fitar da su cikin kashi. Akwai shanu a makiyayar Ladduga da ke Kachia, akwai babbar kasuwar aladu ta Katsit a gefen Kafanchan, ga tumbin da mahauta ke zubarwa kullum, wanda yake ɗauke da ƙwayoyin da ransu, kuma ya dace da tayar da sabon tanki. Mai sarrafa rogo ko mai gidan abinci da zai haɗa shararsa da kashin shanu ya rage haɗarin ƙarancin ma'adinai da yawan tsami a lokaci guda.

Yawan ma'adinan ma illa ne. Abincin aladu na kamfani yakan ƙunshi jan ƙarfe da tutiya, waɗanda ke danne ƙwayoyin idan sun taru, haka nan ruwan wankin keji mai maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kuma kafin a ɗora laifi a kan ma'adinai, ya kamata a tuna cewa ƙwayoyin sun fi aiki a zafin digiri 35 zuwa 37, don haka raguwar gas a sanyin Disamba da Janairu ba alamar yunwa ba ce.