Hawan Jinin Huhu: Yadda Majiyyaci da Likita ke Yanke Shawarar Magani a Gadarif

Gadarif gari ne da ke gabashin Sudan, kimanin kilomita 400 daga Hartum, kusa da iyakar Habasha. An san jihar da noman dawa da riɗi. Hausawa sun daɗe da zama a wannan yanki. Waɗansu kakanninsu sun tsaya ne a kan hanyar zuwa Makka, waɗansu kuma sun iso bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawansu manoma ne da masunta a bakin kogin Rahad da kogin Atbara. Wannan zama na bakin ruwa yana da nasaba da wata cuta da ba a cika sani ba, wato hawan jinin huhu.

Mene ne hawan jinin huhu?

Zuciya tana da ɓangare biyu. Ɓangaren hagu shi ke tura jini zuwa ga dukkan jiki, na dama kuma yana tura shi zuwa huhu don ya ɗauko iskar oksijin. Hawan jinin da kowa ya sani, wanda ake aunawa a dantse, na ɓangaren hagu ne. Hawan jinin huhu kuwa yana faruwa ne idan ƙananan jijiyoyin jini na cikin huhu suka yi kauri suka tsuke. Daga nan sai ɓangaren dama ya riƙa aiki fiye da ƙarfinsa, ya kumbura, a ƙarshe ya gaza. Awon dantse ba ya nuna wannan, shi ya sa mutum kan daɗe da cutar ana ce masa jininsa lafiya lau.

Alamunta na farko su ne haki da saurin gajiya. Manomin da ya saba yini a gona sai ya ga ba ya iya gama kunya ɗaya bai tsaya ba. Daga baya akan sami jiri, ko suma a lokacin aiki, da ciwon ƙirji, da kumburin ƙafafu da ciki. Sau da yawa akan ɗauka asma ce ko ƙarancin jini.

Likitoci sun kasa hawan jinin huhu gida biyar. Na farko shi ne wanda ciwon ke cikin jijiyoyin huhun kansu. Na biyu yana zuwa ne daga ciwon ɓangaren hagu na zuciya, na uku daga cututtukan huhu, na huɗu daga gudan jini da ya toshe jijiya, na biyar kuma ya haɗa sauran dalilai, har da sikila. Sanin gidan da mutum ya faɗa shi ne tushen magani, domin maganin da ya taimaki na farko yana iya cutar da na biyu.

Dangantakarsa da tsargiya

A Turai da Amurka, nau'in farko cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba. A ƙasashen da ake noman rani kuwa, ɗaya daga cikin manyan dalilanta ita ce tsargiyar hanji, wadda a Sudan ake kira bilharziya. Tsutsarta tana girma a jikin katantanwar ruwa, ta shiga fatar mutum in ya shiga ruwan. Cutar ta bazu a magudanan shirin noman Jazira, wanda ya fara aiki a 1925, da na Rahad, wanda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1970 kuma wani sashensa ke cikin jihar Gadarif.

Ƙwayayen tsutsar sukan maƙale a hanta, hanta ta yi tauri, saifa ta kumbura. Jini ya nemi wata hanya, ya kwashi ƙwayayen zuwa huhu, inda suke ɓata jijiyoyi. Wani bincike da aka buga a 2009 daga ƙasar Brazil ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na masu irin wannan ciwon hanta da saifa sun kamu da hawan jinin huhu. Saboda haka wajibi ne majiyyaci ya gaya wa likita in ya taɓa aiki a cikin ruwan magudana, ko da shekara ashirin ce ta wuce. Haka kuma in yana da sikila, ko ƙanjamau, ko an taɓa ce masa an haife shi da huji a zuciya.

Gwaje-gwaje

Gwajin farko shi ne hoton zuciya da ake kira eko. Yana nuna girman ɓangaren dama, yana kuma ba da ƙiyasin matsin jini. Amma tabbaci sai an zura wani siririn bututu ta jijiyar wuya ko ta cinya har cikin zuciya an auna. A mai lafiya matsakaicin awon yakan kama wajen 14. Bisa ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin zuciya da huhu na Turai suka fitar a 2022, in ya haura 20 akwai cutar. Kafin nan daga 25 ake farawa.

Wannan awo na bututu sai a cibiyoyin zuciya, waɗanda akasarinsu ke Hartum da Wad Madani. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya rufe asibitoci da dama a Hartum, Wad Madani kuma ta fita daga hannun sojojin gwamnati daga Disamba 2023 zuwa Janairu 2025. A wannan tsakani dubban masu gudun hijira suka cika Gadarif, asibitin koyarwa na garin ya yi nauyi. Ke nan shawarar farko da majiyyaci da likita za su yanke ita ce: a yi tafiya neman awon, ko a fara magani bisa hoton eko? Likita ya san amfanin awon da haɗarin yin magani ba tare da shi ba. Majiyyaci shi ya san aljihunsa, da ƙarfin jikinsa, da wanda zai raka shi. Kowa sai ya faɗi nasa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ake iya yi a ko'ina, wato tafiyar minti 6. Majiyyaci zai yi ta kai da komowa a baranda, a auna nisan da ya ci. Fiye da mita 440 alama ce mai kyau, ƙasa da mita 165 kuwa alama ce ta haɗari.

Zaɓen magani

A shekarun 1980, kafin a sami magani, rabin masu nau'in da ba a san dalilinsa ba a Amurka ba sa kai shekara 3 bayan an gano cutar. Yanzu abin ya sauya, ko da yake magungunan ba sa warkarwa, sai dai su buɗe jijiyoyi su sassauta wa zuciya. An amince da bosentan a 2001, da sildenafil a 2005, da tadalafil a 2009, da macitentan a 2013, da allurar sotatercept a 2024. Ƙa'idar yanzu ita ce a haɗa iri biyu tun farko ga yawancin majiyyata. Sai dai sababbin suna da tsada ƙwarai, wanda aka fi samu da sauƙi shi ne sildenafil, sau uku a rana.

A nan gaskiya ta fi komai amfani. In kuɗin majiyyaci ba za su ɗauki magani biyu wata da watanni ba, gara ya faɗa tun a ɗakin likita. Fara magani a yanke shi farat ɗaya yana iya sa ciwon ya dawo da ƙarfi. Waɗansu kuma sukan ji kunyar sayen sildenafil, domin an fi saninsa da maganin ƙarfin maza. Kunya ba ta da wuri a nan, mace ma likita kan rubuta mata shi.

Kowane magani da sharaɗinsa. Mai shan bosentan yana buƙatar gwajin hanta kowane wata, abin dubawa ne sosai ga wanda tsargiya ta riga ta taɓa hantarsa. Ba a haɗa sildenafil da maganin ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe, domin jini na iya faɗuwa. Mai sikila kuma kada ya sha shi don ya ga ya yi wa wani amfani: an dakatar da wani gwaji a Amurka a 2009 saboda ya ƙara wa masu sikila tashin ciwo. Wanda ciwonsa daga lalacewar ƙofofin zuciya ne, maganinsa na iya zama tiyata, irin wadda Cibiyar Salam da aka buɗe a Soba a 2007 ta yi suna da yi kyauta. Praziquantel yana kashe tsutsar tsargiya, amma ba ya gyara jijiyoyin da suka riga suka lalace. Wanda ya taɓa aman jini lalle ya faɗa, domin maganin tsinka jini na iya zama masa haɗari.

Al'amuran rayuwa

Magana mafi nauyi ita ce ta haihuwa. Ciki yana ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa, kuma mata masu wannan cuta da dama sukan rasu a lokacin haihuwa ko kwanaki kaɗan bayanta. Don haka likitoci ke ba da shawarar a guji ɗaukar ciki. Bosentan da macitentan suna nakasa ɗan tayi, bosentan kuma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tsarin iyali. Ya kyautu miji ya zo ya ji da kunnensa, don kada matar ta ɗauki nauyin bayani ita kaɗai a gaban dangi.

Azumi ma abin tattaunawa ne kafin watan ya kama, musamman ga mai shan maganin rage ruwan jiki a zafin Gadarif. Likita zai faɗi abin da jiki zai iya ɗauka, malami ya bayyana rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya. Haka nan mai niyyar aikin Hajji, ko mai fatauci ta Galabat zuwa Gondar, wadda ke sama da mita 2,000 a kan tudu, ya nemi shawara tukuna, domin ƙarancin iska a jirgi da kan duwatsu yana ƙara tsuke jijiyoyin huhu.

Ranar ganin likita

Likita na iya ganin mutum sittin a yini, lokacin kowa kaɗan ne. Ya kamata majiyyaci ya zo da kwalayen duk abin da yake sha, har da na gargajiya, da takardun gwajinsa na baya. In Larabcinsa bai nuna ba, ya zo da wanda zai yi masa tafinta. Ya riƙa bayani da abin da ake iya aunawa: da yana zuwa masallaci bai tsaya ba, yanzu sai ya huta sau biyu, da matashi ɗaya yake kwana, yanzu uku. Ya tambayi gidan da ciwonsa yake cikin biyar ɗin nan, da abin da maganin zai yi, da illarsa, da abin da zai yi in ya ƙare a kanti. Kafin ya fita ya maimaita wa likita abin da ya fahimta. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

A gida kuma a rage gishiri, a riƙa auna nauyi. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 2 ko 3 alama ce ruwa na taruwa. In aka suma, ko aka yi tarin jini, ko haki ya zo ana zaune, ba a jiran ranar da aka sa, sai a nufi asibiti nan take.