Gigin Tsufa: Ranar da Baba Ya Kasa Gane Hanyar Gida

A yawancin gidajenmu na Maiduguri, sirrin dukiya da na zumunci a kan maigida yake, ba a takarda ba. Shi ya san wanda yake bi bashi a Kasuwar Monday da wanda ke bin sa. Shi ya san iyakar gonar gado a Konduga ko Dikwa, da dangin da za a kai wa goron ɗaurin aure, da ranar biyan kuɗin makarantar kowane yaro. Saboda haka ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwar maigida ba shi kaɗai yake kayarwa ba.

Akwai wani dattijo da na sani, mai sayar da banda a kasuwar kifi ta hanyar Baga, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa barin cefane a hannun yaro ba. Da kansa yake shigowa da ledar kayan miya ya miƙa wa uwargida, kuma sai ya tambayi wanda bai ci ba kafin ya sa hannu a kwanonsa. Ya kai 'ya'yansa mata makaranta a lokacin da abokan kasuwa ke cewa asarar kuɗi yake yi. Lissafin kwalayen kifin da ke zuwa daga bakin Tafkin Chadi da ka yake yin sa, ba biro ba takarda. To ta wajen lissafin nan abin ya fara shigowa. Ya ba mai saye canji sau biyu. Ya je karɓar bashin da an riga an biya shi, har aka yi sa-in-sa da wani tsohon abokin cinikinsa. Yana salla sai ya rasa raka'a ta nawa yake, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kowa ya ce gajiya ce da shekaru. Sai ranar da ya fito daga masallacin unguwa, inda ya yi shekara da shekaru yana sahun gaba, ya tsaya bakin titi bai san ina zai dosa ba, har wani mai Keke Napep da ya waye shi ya kawo shi gida.

Daga nan bakuna suka rabu. Wasu suka ce gigin tsufa ne, a bar shi, haka Allah ya yi tsufa. Wasu suka ce jifa ne daga 'yan kasuwa masu hassada. Wata gwaggo ta rantse iska ce ya taka a bakin Ngadda. Mutum ɗaya bai ce a je asibiti ba, kuma a nan ne muke yin kuskure a matsayinmu na al'umma. Tsufa kaɗai ba ya sa mutum ya manta ƙofar gidansa. Kowannenmu ya san tsoho ɗan shekara 90 da zai kawo maka tarihin unguwa tiryan-tiryan, ya gyara wa mai karatu wasali. Manta inda aka ajiye makulli, ko sunan wani ya kwanta maka ya dawo bayan ɗan lokaci, wannan na kowa ne. Amma mutum ya riƙe makulli bai san amfaninsa ba, ko ya maimaita tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, ko ya kasa aikin da hannunsa ya saba da shi tun yana saurayi, wannan ciwo ne, kamar yadda ciwon suga yake ciwo.

Wani likitan Jamus mai suna Alois Alzheimer ne ya bayyana nau'in wannan ciwo da ya fi yawa a 1906, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu tana fama da mantuwa da ruɗewa. Sunansa cutar take ɗauke da shi har yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa a duniya, kusan miliyan 10 ke ƙaruwa duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Ba ciwon Turawa ba ne ke nan. Nau'in Alzheimer shi ne kashi 60 zuwa 70 na masu ciwon.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne wasu sinadarai biyu da jiki ke samarwa, amiloyid da tawu, sukan taru a ƙwaƙwalwa fiye da kima, ɗaya a tsakanin ƙwayoyinta, ɗaya a cikinsu. Ƙwayoyin su daina isar da saƙo ga juna, su mutu, ƙwaƙwalwar ta riƙa tsukewa. Aikin yakan fara shekaru kafin a ga alama, kamar gara a cikin azara: daga waje ɗaki lafiya lau, ciki kuwa an cinye. Kuma ɓarnar takan fara ne daga sashen da ke ajiye sabon abu. Shi ya sa Baba zai ba ka labarin makarantar allonsa da sunan malaminsa, amma ya rantse ba a ba shi abincin rana ba alhali kwanon na gabansa. Iyali kan ɗauka da gangan yake yi. Ba da gangan ba ne.

Nau'i na biyu ya fi kusa da mu, domin hawan jini ke jawo shi. Ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su toshe ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci bayan shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci ba tare da kowa ya lura ba. Binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka, ya gano cewa masu kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na can ba, kuma masu binciken sun karkata ga cewa bambancin abinci da cututtukan jijiyoyin jini na da hannu a ciki. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da idan aka kula da su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na masu ciwon. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, taba, ƙiba, rashin motsa jiki, rauni a ka, kaɗaici, da raunin ji da na gani da ba a yi wa magani ba. Magidancin da ke shan maganin hawan jini sai ranar da kansa ya yi ciwo, ya sani ba zuciyarsa kaɗai yake wasa da ita ba.

Zuwa asibiti da wuri yana da dalili babba: ba kowace ruɗewa ce wannan ciwon ba. Ƙarancin sinadarin B12, raunin aikin maƙoƙo, ciwon damuwa mai tsanani, jinin da ya taru a ka bayan faɗuwa, duk suna kama da gigin tsufa, kuma ana warkar da su. Tsohon da ya ruɗe dare ɗaya kuwa, a fara zargin zazzaɓi, ciwon mafitsara ko ƙishirwa, musamman a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a garin nan. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a hanyar Bama, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a hanyar Baga. Na san mutane na jin nauyin a gan su a ƙofar na biyun da mahaifinsu, kada a ce hauka ya shigo zuri'a. Wannan kunyar ta cuci gidaje da yawa. Idan an tabbatar ciwon ne, gaskiyar da likita zai faɗa ita ce ba a warkewa. Akwai ƙwayoyi irin su donepezil da memantine da kan sassauta alamomin na wani lokaci ga wasu, amma ba sa tsayar da shi. Duk wanda ya ce yana da maganin da zai dawo da Baba yadda yake, a kwalba ko a ƙullin leda, kuɗinku yake so. Addu'a kuwa ba ta taɓa hana ganin likita ba.

Akwai abin da ya sa ciwon nan ya fi tsanani a Maiduguri. Mai cutar mantuwa da sabo yake rayuwa: ɗakinsa, tabarmarsa, bishiyar ƙofar gida, muryar ladanin unguwa. Dubban tsofaffi an raba su da duk wannan lokacin da Gwoza da Bama suka faɗa hannun 'yan Boko Haram a 2014, Baga kuma a farkon 2015, suka tsinci kansu a sansani ko a ɗakin aro a gidan dangi. Sannan ga daren 10 ga Satumban 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa kansa. Tsohon da aka sauya wa wuri sau biyu ko uku, da la'asar ta yi sai ya ɗauki sandarsa ya ce gida zai tafi, kuma gidan da yake nufi wataƙila na ƙuruciyarsa ne. A garin da ya saba da shingen bincike, mutumin da ba zai iya faɗin sunansa ko unguwarsu ba yana cikin haɗari na gaske. A ɗinka masa ƙyalle a cikin aljihun riga mai suna da lambar waya. A sanar da mai unguwa, da limami, da masu shaguna, da 'yan sintirin unguwa. A ajiye sabon hotonsa a waya. Ɓoye ciwon ga maƙwabta shi ke sa a rasa mai tare shi idan ya fita. Ɗaure shi ko kulle shi a ɗaki shi kaɗai kuwa zalunci ne, kuma yana ƙara masa firgita.

Abin da ya fi ƙona ran uwargidan dattijon nan ba wankin kayansa ba ne, ba rashin barci ba. Wata rana ta kai masa kunu, ya dube ta da ladabi irin na baƙo, ya ce, "Sannu baiwar Allah. Don Allah ki kira mini mai ɗakina." Ta ajiye kofin ta fita tsakar gida ta yi kukanta. Daga baya ta gane dabara. Idan ya faɗi haka sai ta ce, "To Malam, tana zuwa, sha kununka kafin ta iso." Ya sha hankali kwance. Masu kula da irin waɗannan majinyata abin da suke koyarwa ke nan: kada a yi gardama da shi, kada a yi masa jarrabawa. Masu zuwa dubiya su daina "Baba, ka gane ni? Wane ne ni?" Ka faɗi sunanka da kanka, ka zauna. Idan ya tambayi mahaifiyarsa da ta rasu tun tuni, ba sai an sake yi masa sabuwar mutuwa kullum ba, a ce ya ba da labarinta. Idan ya ce an sace masa kuɗi, kada a kama 'yar aiki ko suruka da duka da rantsuwa, a duba ƙarƙashin katifa da cikin hula. Aure ya mutu a kan irin wannan zargi, an kuma jefi tsofaffin mata da maita saboda sambatun da ciwo ya sa su.

Tun hankalinsa bai gama gushewa ba ya kamata a zauna da shi, da shaidu, a rubuta basussuka, da amanar mutane da ke hannunsa, da inda takardun fili suke, da wanda ya yarda ya riƙa karɓar masa fansho. Mutane na ganin kamar ana yi masa fatan mutuwa ne. Ni a ganina wannan gata ne, domin mutumin da ya yi rayuwarsa bai ci haƙƙin kowa ba, ba zai so ya tafi da bashin da ya manta ba. Maganar ibada kuma a sassauta. Malamai sun bayyana cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Idan ya yi azahar sau uku a bar shi, idan ya bi karatu da baki a kunna masa, sau da yawa abin da aka haddace tun yarinta shi ke saura a ƙarshe.

Ciwon yakan ɗauki shekara 4 zuwa 8 bayan an gano shi, wasu har 20. A ƙarshe magana ta ɗauke, tafiya ta gagara, haɗiya ta yi wuya. A nan sai an zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, domin abin da ya sarƙe ya gangara huhu shi ke kawo ciwon da ke ɗauke da yawansu. A riƙa juya shi a shimfiɗa duk bayan sa'o'i biyu saboda gyambon kwanciya. 'Ya'ya kan tambaya a ɓoye ko su ma za su gada. Nau'in da ake gada kai tsaye ƙalilan ne ƙwarai, kuma yakan bayyana tun kafin shekara 65. Ga sauran, samun ciwon a gida yana ɗan ƙara haɗari, amma ba hukunci ba ne.

Dattijon ya rasu a ɗakinsa. A zaman makoki aka yi ta cewa ya huta, kuma gaskiya ne. Sai dai jikokinsa ƙanana ba su san kowa ba sai tsohon da ke faɗa da inuwarsa. Babbar 'yarsa, wadda ya kai makaranta ana masa dariya, ita ta ɗauki aikin ba su labarin mai bandar da ke raba kifi ga maƙwabta ranar salla, wanda bai taɓa ɗaga wa kakarsu murya ba sai da ciwo ya kama shi.

Ita uwargidan, wadda ta yi shekaru ba ta yi barcin dare cikakke ba, ba ta je biki ko suna ba, mutane suka watse bayan sadakar bakwai suka bar ta da takabar wata huɗu da kwana goma a ɗakin da ta yi jinya. Masu irin wannan doguwar jinya sukan fito da nasu ciwon, hawan jini, ciwon baya ko damuwa, kuma ba sa faɗa. Tun ana jinyar ya kamata 'ya'ya maza su karɓi kwana, su yi masa wanka da aski, ba su turo kuɗi ta waya kawai ba. Bayan rasuwa kuma a samu mai kwana da ita, a kai ta a auna jininta da suga.