Gajiyar da ba ta ƙarewa bayan haihuwa

A kasuwannin Yamai, daga Katako har Wadata, ba a rasa macen da tun da ta haihu ta yi zubar jini mai yawa, jikinta bai sake komawa daidai ba. Nono bai kawo ba, al'ada ta ɗauke, gashin hammata ya zube, ga jin sanyi ko da rana ta take. Ta daina hira da maƙwabtan rumfa, ciniki ma ya fita ranta. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, dangin miji kuwa su ce son jiki ne.

Likitoci na kiran wannan ciwo da sunan Sheehan, wani likitan Ingila da ya bayyana shi a 1937. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake, ana ce masa ipofiz. Shi ke ba sauran sassan jiki umarni ta hanyar sinadaran da yake zubawa cikin jini. Yakan ƙara girma lokacin ciki, don haka in jini ya zuba da yawa wajen haihuwa, sai ya rasa abincinsa, wani ɓangarensa ya mutu. Ba baƙon ciwo ba ne a nan: a 1991 likitocin Babban Asibitin Yamai sun wallafa bayanin mata 40 da suka same shi.

Cikin sinadaran da ake rasawa har da na girma. Kar sunan ya ruɗe ku, babba ma yana bukatarsa. Rashinsa na kawo tumbi, raunin tsoka da ƙashi, kasala, baƙin ciki da gudun mutane. Tun 1996 Amurka ta amince a yi wa manya allurarsa, kullum sau ɗaya a ƙarƙashin fata, a 2020 kuma aka samu ta mako-mako. Da yawa daga masu yin ta sun ce ƙarfi da walwala sun dawo, musamman waɗanda abin ya fi yi wa tsanani, sai dai ba kowa take yi wa haka ba. Ga tsada, ga ajiya cikin firijo, kun kuwa san halin wuta a watan Afrilu.

Amma fa, iyayena mata, ba da ita ake farawa ba. Likita yakan auna jini, ya fara maye gurbin sinadarin kortizol da ƙwayar idorokortizon, sannan na maƙoshi da lebotiroksin. Waɗannan ƙwayoyi ne masu sauƙin kuɗi, kuma su ke ceton rai, don mai rashin kortizol zazzaɓin cizon sauro kaɗai na iya kai ta ga suma. Shan su na har abada ne, ba a dainawa don an ji sauƙi.

Ciwon yakan ɓuya shekara 10 ko fiye kafin a gano shi. Wadda ta je asibiti ta gaya wa likita da bakinta cewa ta taɓa zubar jini wajen haihuwa kuma nono bai zo ba, ko da yaron ya riga ya shiga lakwal.