Harry Brown da Gran Torino: Dattawa biyu da 'yan daba suka kai bango

Harry Brown tsohon soja ne, yana zaune a wani rukunin gidaje a kudancin Landan. Akwai wata hanya ta ƙarƙashin titi da ya daina bi saboda 'yan daba sun mamaye ta. A nan aka kashe amininsa Leonard. Da ya ga binciken 'yan sanda ba ya zuwa ko'ina, sai ya nemi bindiga.

Michael Caine ne ya fito a matsayin Harry a 2009, yana da shekara 76. Fim ɗin ya nuna raɗaɗin tsufa da kaɗaici sosai, amma ya sa mai kallo yana jin sanyi a ransa duk lokacin da aka harbe wani matashi.

Shekara ɗaya kafin nan, Clint Eastwood ya fito a Gran Torino a matsayin Walt Kowalski, wanda ya yi yaƙin Koriya, yana zaune a yankin Detroit na Amurka. Da farko ma ba ya ga maciji da maƙwabtansa 'yan ƙabilar Hmong. Bayan 'yan daba sun ci zarafin 'yarsu Sue, kowa ya zaci za a yi ɓarin wuta.

Walt ya je ƙofar gidansu da dare ba makami. Ya sa hannu a riga zai ɗauko abin kunna sigari, suka bindige shi a idon maƙwabta, aka samu shaidu, aka kama su. Motarsa kuwa, ya bar wa Thao, ɗan'uwan Sue, a wasiyya.