Abincin Mai Ɗaga Ƙarfe: Nawa Ne Ya Isa?

Duk safiyar Asabar, bakin tafkin Jabi a Abuja kan cika da masu motsa jiki, kuma samari da yawa a cikinsu burinsu ƙirji ya buɗe, damtse ya cika. Sai dai ƙarfe zaburar da tsoka kawai yake yi. Abinci da barci su ke gina ta.

Jiki na buƙatar rarar kuzari, kalori 300 zuwa 500 a rana a kan abin da yake ƙonawa. Abin da ya haura haka, yawanci tumbi yake zama. Furotin kuwa, gram 1.6 zuwa 2.2 ne ga kowane kilo na nauyin mutum, wato mai kilo 70 na neman gram 112 zuwa 154 a rana. Ƙwai ɗaya bai wuce gram 6 ko 7 ba, don haka sai an haɗa da wake, awara, kifi, nono da ƙuli-ƙuli, waɗanda suka fi garin furotin na gwangwani araha nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin sha-ka-fashe da wasu ke sha don jiki ya cika. Irin su dexamethasone kumbura fuska suke yi, su tara ruwa a jiki, su tayar da sukari da hawan jini, ita tsokar ma su zaizaye ta.