Maganin Shaye-shaye ga Masu Taɓin Ƙwaƙwalwa Mai Tsanani

Taɓin ƙwaƙwalwa mai tsanani, a wurin likitoci, shi ne ciwon da ya daɗe kuma ya hana baligi riƙe sana'a ko iyali, kamar sikizofiriniya, wadda mai ita ke jin muryoyin da babu mai jin su, yana zargin jama'a da ƙulla masa sharri, da ciwon hawa da saukar yanayin rai, wanda mai shi kan yi makonni cikin zumuɗi da rashin barci sannan ya faɗa baƙin ciki mai zurfi. Irin waɗannan majinyata sun fi sauran jama'a faɗawa shaye-shaye, domin wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1990 ya nuna cewa kashi 47 cikin 100 na masu sikizofiriniya sun taɓa fama da jarabar giya ko ƙwaya a rayuwarsu.

A Nijeriya, rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya cikin shekara guda, tabar wiwi ce kan gaba, sai magungunan kashe zafi irin su taramol, sai maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Matsalar ba ta birni kaɗai ba ce, domin a garuruwan noma irin su Basirka da ke ƙaramar hukumar Gwaram a Jihar Jigawa, ana iya samun ɗan ƙwadago ya fara shan taramol don ya jure aikin gona, har jikinsa ya saba, ya kasa tashi sai da shi.

Tambayar da iyali suka fi yi ita ce wanne ya rigayi wani, ciwon ko shaye-shayen, alhali kuwa hanyar tana bi ta kowane ɓangare. Wiwi na iya tayar da taɓin da yake kwance a jikin wanda ya gaji saurin kamuwa da shi, haka kuma wanda muryoyi suka hana barci kan nemi sauƙi a giya ko ƙwayar sa barci, ya samu natsuwar dare ɗaya, ciwon ya dawo fiye da da. Saboda haka likita ba ya jiran a warware wannan tambaya kafin ya fara magani, sai dai yakan lura da majinyacin na wasu makonni bayan ya daina sha, don ya gane ko alamun za su gushe da kansu.

An daɗe ana raba cututtukan biyu, asibitin ƙwaƙwalwa ya ce sai an bar ƙwaya, gidan gyaran hali ya ce sai hankali ya dawo, majinyaci ya zama tamkar ɗan da aka bar wa kishiyoyi biyu. Inda iyali suka gaji kuwa, sai a kai shi gidan mari, kuma samamen da 'yan sanda suka kai irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019 ya bayyana yadda ake ɗaure mutane da sarƙa ba tare da magani ba. Tsarin da masana suka fi amincewa da shi tun wajen 1990 shi ne haɗaɗɗen magani, wato tawagar ma'aikata guda ta kula da cututtukan biyu a lokaci guda, kada a kori majinyaci don ya koma sha.

Matakin farko shi ne raba jiki da abin mayen a gaban ma'aikacin lafiya, domin wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayar sa barci, idan ya yanke lokaci guda, yana iya kamuwa da farfaɗiya ko ruɗewa mai kisa cikin kwana biyu zuwa uku. A Jigawa, inda ake aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, kunya kan sa a ɓoye wa likita batun giya, ɓoyewar kuwa tana iya cin rai. Bayan haka sai maganin daidaita ƙwaƙwalwa, wanda akwai nau'insa na allura da ake yi sau ɗaya a wata ga mai yawan mantuwa ko mai nisan gida. Wajibi ne wani babba ya riƙe magungunan, musamman Exol, wanda ake bayarwa don rage sandarewar jiki da maganin ƙwaƙwalwa ke jawowa, amma shi ma ana shan sa don maye. Sai kuma zaman tattaunawa, inda ake jan hankalin majinyaci cikin lalama har ya gano wa kansa dalilin bari, a koya masa guje wa majalisa da abokan da ke tayar masa da sha'awa.

Ga mazaunin Basirka, ƙofar farko ita ce asibitin Gwaram ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, daga nan a tura shi wurin ƙwararru a asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa majinyaci haƙƙin magani cikin mutunci. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti matuƙar ba a dakatar da magani dominsu ba. Komawa sha bayan an bari kuwa alama ce ta ciwon da ke ɗaukar shekaru, kamar yadda hawan jini ke tashi bayan ya sauka, kuma abin da ya kamaci iyali a ranar da hakan ta faru shi ne su mayar da majinyacin wurin likitansa, su faɗi abin da ya sha ba tare da ragi ba.